Ashe Malama Ma Tana Kallo?

   A wannan watan labarin wata kunya da na sha a gaban ɗalibaina na kawo muku, domin na daɗe ina juya abin a raina, na ga kuma ba ni kaɗai ya shafa ba.

Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a unguwarmu. Da yamma ina da ajin 'yammata, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina da ajin matan aure daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe. Mata ne kusan talatin, a ciki akwai amaryar da lallenta bai gama gogewa ba, akwai kuma wata Hajiya dattijuwa wadda ko shakka babu ta haife ni. Wata Asabar bayan babbar sallar 2024 na yi sammako, na iso kafin lokaci. Ina dab da ƙofar aji sai na ji wata murya tana rawa kamar mai shirin kuka tana cewa: "Wallahi zalunci ne tsantsa. Baiwar Allah ba ta ci ba, ba ta sha ba, suka ƙulla mata sharri, ƙarshe ta mutu a kan hanya, a bayan yarinyar da ta raina." Wata ta amsa da cewa ita daren jiya ko abinci ba ta iya ci ba. Gabana ya faɗi, na shiga da sauri ina salati, ina tambayar wace ce ta rasu, a wane gida?

Sai ajin ya yi tsit, can kuma wata ta tuntsire da dariya a cikin hijabi. Ashe fim ne. Wata daga cikinsu da ta yi sakandare ce ta samo wani tsohon fim ɗin Koriya mai dogon zango a wurin masu tura fina-finai a waya, ya zagaya ajin, duk wadda ba ta gane wani wuri ba sai ta zo da wuri a warware mata. Na haɗe fuska, na ajiye littattafaina, ina shirin yi musu faɗan da ya dace da malama. Kafin in buɗe baki sai wata ta ƙasa-ƙasa ta ce da ta kusa da ita, ai guba suka ba matar. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce: "Ba guba ba ce. Uwar Jangum aka ba guba. Ita wannan sharrin naman agwagwa aka yi mata."

Ya ilahi! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Amaryar nan ta dafe ƙirji ta ce: "Lah! Malama, ashe ke ma kina kallo?" Hajiya kuwa sai ta gyara zaman gilashinta ta dube ni ta ce: "To Malama, tunda an yi walƙiya, zauna mu daddale."

Gaskiya ɗaya ce, na san fim ɗin, na san shi ƙwarai. Sunansa Dae Jang Geum, wasu kuma sun fi saninsa da Jewel in the Palace. Tashar MBC ta Koriya ta Kudu ce ta nuna shi daga watan Satumba na 2003 zuwa Maris na 2004, kashi 54, kuma Lee Young-ae ce ta fito a matsayin Jangum, marainiyar da ta shiga fadar sarki tana 'yar aikin madafi, aka kore ta zuwa tsibirin Jeju, ta koyi aikin magani a can, ta dawo har ta zama likitar sarki. Amma bari in koma baya kaɗan, don ku ji ta inda na faro.

Mu da muka tashi a shekarun 1990, fim ɗin mutanen gabas a wurinmu na maza ne. Yayyena su ne masu karɓo kaset ɗin Chanis a shagon haya, su Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, a gama kallo a fita tsakar gida ana tsalle ana karya wa Inna muciya. Duk wanda ke da ƙananan idanu a wurinmu ɗan Chana ne, ba mu san akwai bambanci tsakanin Sin da Japan da Koriya ba, balle mu san kowace da harshenta da tarihinta, har ma da tsohuwar gaba a tsakaninsu. Mu mata namu shi ne Indiya da na Hausa. Sai da na shiga kwalejin ilimi, a shekarar 2008, wata ƙawar ɗakinmu ta dawo daga hutu da wani faifai wanda aka cusa wa kashi goma sha a ciki, hoton duk ya dusashe, Turancin da ake rubutawa a ƙasa kuma sai dai a yi haƙuri. Shi ne Jumong, labarin wanda ya kafa daular Goguryeo shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ma MBC ce ta yi shi, tsakanin 2006 da 2007, kashi 81.

Ƙaramar kwamfutar wata 'yar ɗakinmu muke zagayewa mu shida. Muka ga yadda aka makantar da Haemosu aka kulle shi a kogo shekara da shekaru, muka ga ɗansa Jumong yana koyon yaƙi a hannunsa ba tare da ya san mahaifinsa ne ba, muka tsani Daeso kamar ya kashe mana wani. Kowane kashi kuma sai ya ƙare a daidai inda zuciya take rataye, sai wata ta ce a ƙara ɗaya kawai. Ni ce mai tashin 'yan ɗakinmu sallar Asuba, domin ni ce mai karanta darasin addinin Musulunci, kuma tun a gida Inna ta saba mini da tashin wuri. Wata ranar Laraba muka kai ƙarfe uku na dare muna ƙara ɗaya kawai. Da na buɗe ido rana ce ta dallare ni ta taga. Na duba gadaje biyar, kowa na barci, domin duk sun dogara da ni. Ban taɓa manta nauyin da na ji a ƙirjina a safiyar nan ba. Ba wanda ya yi mini faɗa, ba wanda ma ya sani sai mu. Daga ranar na daina zama a wannan da'irar, kuma sai bayan shekaru na san yadda Jumong ya ƙare.

Jangum kuwa a gida na kalle shi, a hutun 2009, da rana tsaka, ni da Inna, idan akwai wuta. Ita ba ta jin Turanci, ni ke fassara mata. Ba ta taɓa riƙe sunan ba, sai dai ta ce: "Kunna mana yarinyar nan mai girki." Allah Ya jiƙan Inna, har yau idan na ga ana jera ƙananan kwanuka a faranti sai na tuna ta tana cewa mutanen nan ko ba su san malmala ba ne.

To da wace fuska zan yi wa matan nan faɗa? Sai na ce musu mu yi karatunmu tukuna, idan an tashi duk mai hali ta tsaya minti ashirin. Ba wadda ta tafi. Na ce yau ni ce ɗaliba, ku gaya mini abin da kuke so a fina-finan nan.

Hajiya ce ta fara. Ta ce: "Malama, ni fa ba soyayyarsu nake kallo ba, na wuce nan. Abin da ke zaunar da ni shi ne yadda ake gaida tsofaffi. Yaro ya rusuna, ya miƙa abu da hannu biyu, ba ya sa hannu a abinci sai babba ya fara. Ni jikokina a tsaye suke gaishe ni, ido na kan waya." Wata ta ce ita abin da ya ba ta mamaki shi ne suna cire takalmi a ƙofa, suna zama a ƙasa su ci abinci kamar mu. Wata ta ce yarinya takan kira yayanta namiji da oppa, ta kuma kira saurayinta da haka, kamar dai yadda 'yammatanmu ke cewa Yaya. Wata kuma ta ce surukarsu ma irin tamu ce sak, sai dai tasu ta fi kuɗi. Amaryar ta ce a irin na da ɗin, sai a yi kashi goma saurayi bai ko riƙe hannun budurwa ba, za ka iya kallo da ƙanenka ba ka neman abin canja tasha.

Daga nan hira ta koma kan Jumong, sai ga aji ya rabu biyu. Wasu na bayan Soseono, suna cewa ita ce ta tsaya masa da dukiyarta da mutanenta har ya kafa ƙasa. Wasu na bayan Yesoya, suna cewa ita ya fara aura, ita ce uwargida, ita ta sha baƙar wahala ta raini ɗansa Yuri cikin talauci. Da aka zo kan yadda Soseono ta kwashi 'ya'yanta biyu ta yi kudu bayan dawowar uwargidan, sai wata mai kishiya ta ce wannan ita ce mace mai aji, wata kuma ta ce gudun fada ne kawai. Ina zaune ina saurare, sai na lura ba Koriya suke magana a kai ba. Kowace gidanta take faɗa, ta dai saka wa mutanen gidan sunayen da ba mai ganewa. Abin da na yi shekara uku ina so su buɗe baki su faɗa a darasin zamantakewar aure suna noƙewa, ga shi fim ya fito da shi cikin minti goma.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya kama. A Japan, da tashar NHK ta nuna Winter Sonata a 2003 da 2004, mata manya masu 'ya'ya da jikoki ne suka fi rikicewa, har dubbansu suka cika filin jirgin sama na Tokyo don tarbar jarumin, Bae Yong-joon. A Iran ma Jangum da Jumong sun yi farin jinin da har aka gayyaci Song Il-kook, wanda ya fito a Jumong, ya ziyarci Tehran a 2009. Kuma ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba. Bayan durƙushewar tattalin arzikin da ta auka wa ƙasashen Asiya a 1997, gwamnatin Shugaba Kim Dae-jung ta ɗauki fim da waƙa a matsayin haja ta fitarwa waje kamar mota da talabijin, ta yi musu doka da tallafi. A Abuja ma sun buɗe cibiyar al'adunsu tun 2010. Sana'a ce ta mutanen da suka san abin da suke yi. Da yawa daga cikin na zamani kashi 16 ne, ana nuna biyu a mako, kuma an daɗe ana yin su ne ana ɗauka ana nunawa, marubuci na jin ra'ayin 'yan kallo yana gyara labari. Shi ya sa kowane kashi ke ƙarewa da ƙugiya. Wannan "ƙara ɗaya kawai" da ya cinye mini Asuba, da gangan aka ƙera shi. Wayar da jaruma ke riƙewa da man da take shafawa da shagon da suke shan kofi kuwa, sau da yawa talla ce aka biya.

Na ɗauki alli na yi musu lissafi a allo. Ajinmu awa biyu ne ranar Asabar, awa biyu ranar Lahadi, awa huɗu ke nan a mako. Jumong kashi 81 ne, kowane kashi kimanin awa ɗaya. Ke nan wadda ta kalle shi duka ta ba shi lokacin da ya kai zamanmu na mako 20 a aji, wato kusan wata biyar. Na tambayi wadda ta fi kowa saninsa a kwana nawa ta gama. Ta sunkuyar da kai ta ce kwana goma sha biyu. Ita ce kuma wadda tun kafin azumi muke fama da ita a kan sura ɗaya, kullum uzurinta babu lokaci. Ban ƙara komai ba, allon ya isar. Na dai ba su labarin safiyar Larabar nan tawa, domin wanda ya taɓa faɗawa rijiya shi ya fi cancanta ya ce akwai rami a nan.

Abin da ya sa na ɗauki biro na rubuta wannan kuwa, bayan kowa ya watse ne ya faru. Wata matashiya mai ɗa ɗaya, shekararta uku da aure, ta tsaya tana ta naɗe tabarmar da an riga an naɗe. Na ce: "Ƙanwata, akwai magana ne?" Sai hawaye. Ta ce: "Malama, ni ina ganin shi ɗin ba ya so na." Na tambaye ta ko yana dukanta, ko yana barinta da yunwa, ko yana zaginta. Ta ce ko ɗaya, bai rage ta da komai ba, har mahaifiyarta yake yi wa aike. Sai dai ya fita tun safe, ya dawo bayan Magariba ya ci abinci ya tafi majalisa, sai sha ɗaya ko sha biyu. Ta ce: "Daga ni sai yaro sai waya. A fim ɗin nan sai ki ga namiji ya durƙusa yana ɗaure wa mace igiyar takalmi, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mata, ta yi tari ya rikice. Ni ko sannu da aiki ban taɓa ji ba. Idan na kashe wayar na dube shi yana minshari, sai in ji kamar an cuce ni. Har na fara tunanin tafiya gida."

Jikina ya yi sanyi. Na zaunar da ita na gaya mata abu biyu, kuma su nake so in maimaita muku.

Na farko, wannan namijin da take gani babu shi, ko a Koriyar. Mafi yawan masu rubuta waɗannan fina-finan mata ne, irin su Kim Eun-sook wadda ta rubuta Descendants of the Sun da Goblin. Mace ce ta zauna ta ƙera namijin da zuciyar mata ke muradi, ta sa masa kalmomi a baki, aka yi masa kwalliya, aka haska masa fitila, aka sa kiɗa mai taushi. Ba ya zuwa kasuwa ya yini a rana, ba a bin sa kuɗin haya, ba ya minshari. Ita kanta ƙasar da ake wannan soyayyar, matasanta da yawa sun ja baya da aure saboda tsadar gida da tsadar karatun yara da tsawon lokacin aiki. A 2023 lissafin gwamnatinsu ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya 0.72 ne, wato ko ɗa ɗaya bai cika ba, mafi ƙaranci a duniya, a 2024 ya ɗan ɗaga zuwa 0.75. Ba dariya nake yi musu ba, kowace al'umma da nata ciwon, su da kansu ma suna faɗa. Parasite, wanda ya ci babbar kyautar Oscar a 2020, labarin iyalin da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, Squid Game na 2021 kuma labarin mutum 456 ne da bashi ya yi wa katutu har suka sayar da rayukansu. Wadda ta auna mijinta na jini da tsoka da mutumin da aka zana, to ta ɗora masa jarrabawar da ba ɗan Adam ɗin da zai ci.

Na biyu, kuma a nan ne nake roƙon a fahimce ni, kukanta yana kan hanya. Ba fim ne ya ƙirƙiro mata kaɗaici ba, ya tarar da shi ne ya zauna a ciki. Abin da take nema, sannu da aiki da zama na rabin awa da tambayar ya kika yini, ba al'adar Koriya ba ce, haƙƙinta ne, kuma mu da muke karanta tarihin zaman Manzon Allah (SAW) da iyalinsa mun fi kowa sanin haka. Da na ce mata kawai ta goge fina-finan ta yi istigfari, da na ɗauke mata majinginar da take da ita na bar ta da bango. Na ce ta zaɓi ranar da yake cikin walwala, ta gaya masa abin da take so a fili cikin ladabi, ba tare da ambaton wani ɗan fim ba. Na san kuma iyayenmu maza da yawa suna ɗaukar mujallar nan idan uwargida ta shiga madafi. Alhaji, Malam, ranka ya daɗe, kafin ka ƙwace wayar, ka tambayi kanka wa ya bar mata gurbin da wayar ta cike.

Akwai kuma abin da na tsinta a Jangum da har yau nake amfani da shi a aji. Tana ƙarama uwar ɗakinta a madafin fada ta ce ta kawo mata ruwan sha. Ta kawo, aka ce ta sake. Ta kawo mai sanyi, ta kawo mai ɗumi, kullum sai a ce ta sake, har kwanaki. Sai ranar da ta tsaya ta tambayi matar ko cikinta na ciwo, ko maƙogwaronta na damunta, sannan ta kawo ruwan da ya dace da jikinta, ranar aka karɓa. Ni a matsayina na malama wannan ya koya mini in tambayi ɗaliba halin da take ciki kafin in miƙa mata nasiha. Da ban tuna da shi ba, da na sallami matashiyar nan da wa'azin da bai dace da ƙishinta ba.

Bugu da ƙari, Jangum ba ƙirƙira ba ce gaba ɗaya. Sunanta ya zo a wurare kaɗan a kundin tarihin sarakunan daular Joseon, kundin da ya tattara labarin sarakuna 25 na tsawon shekara 472, a matsayin likita mace da ta kula da Sarki Jungjong, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544. Batun girki da soyayya marubuciyar fim ce ta ƙara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin da ya sa aka samu likitoci mata a can tun farko. A shekarar 1406, zamanin Sarki Taejong, aka fara horar da 'yammata aikin magani saboda matan gidan mutunci sun gwammace su mutu da ciwo da namiji ya duba jikinsu. Da na gaya wa ajina wannan sai kowa ta yi shiru, domin duk mun san wata da ta ɓoye ciwon nono ko na mahaifa har ya ci ƙarfinta, don kunyar likita namiji. Mu da muke da Rufaida Al'aslamiyya, wadda ta kafa tantin jinya a masallacin Madina, bai kamata a ce sai mun je asibiti muke tuna muna son likita mace ba, alhali mun cire 'yarmu daga makaranta tun tana aji uku. Wata uwa a ajin ta ce 'yarta ta daɗe tana cewa ungozoma take son zama, ita ce ke kashe mata gwiwa. Yanzu yarinyar tana shirin jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Allah Ya ba ta sa'a.

Amma fa kada a ce Malama ta halatta komai. Zamanin faifai, a falo ake kallo, uwa na nan, ƙane na nan, abin da bai dace ba kowa zai gani a tsallake. Yau kowace yarinya da wayarta a cikin bargo da abin ji a kunne. Fina-finan ma sun canja. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa manhajoji irin su Netflix akwai tsiraici da zubar da jini da ba a saba gani a na tashoshin talabijin ba, kuma Squid Game da na ambata na manya ne, amma na tarar da yaran firamare a layinmu suna wasansa, wanda ya motsa a ce an harbe shi. Shan giyarsu da ake kira soju ya zama kamar shan ruwa a labaransu. Akwai masu cike da bokaye da aƙidar cewa mamaci na sake dawowa duniya a wani jikin. A 2017 ma sai da MBC ta nemi afuwa bayan Musulmi sun yi ƙorafi kan yadda wani fim ɗinta ya nuna su. A ajin 'yammata kuwa na fara ganin fuskokin da suka fi hannuwa haske, da na bincika sai na ji ana neman fata irin ta jarumar Koriya, ba su san aikin fitila da hoda ba ne, a ƙasar da ta yi suna wajen tiyatar gyaran fuska. Uwa, ki san abin da aka tura wa 'yarki a memori, ki zauna ki kalli kashi ɗaya tare da ita. Idan kin ji kunyar kallonsa a gabanta, to amsar ta fito.

Abin da muka yi a ajinmu ba wani babban abu ba ne. Mun yi alkawari tsakaninmu cewa ba a kunna sabon kashi bayan ƙarfe goma na dare, kuma wadda ba ta kawo haddarta ba, ba ta da bakin magana a hirar bayan tashi. Hirar kuwa ban hana ba, minti goma sha biyar ce ranar Lahadi, ina zaune a ciki. Wasu sun riƙe alkawarin, wasu suna faɗuwa suna tashi, ni ma da nake faɗa ba na cika baki. Mai kwana goma sha biyun nan ta fitar da surarta, har ta shiga ta gaba.

Matashiyar nan ba ta tafi gida ba. Ba zan ce muku maigidan ya zama ɗan fim ba, har yanzu yana zuwa majalisarsa. Amma wata Lahadi ta raɗa mini cewa da ta yi masa maganar ya yi shiru ya fita, ta ɗauka ya yi fushi, sai ga shi ya dawo ƙarfe tara da tsire a takarda, ya zauna ya ce to ga shi, me ake cewa? Ta ce su duka biyu suka rasa abin faɗa, sai suka yi ta dariya. Yanzu ranar Juma'a da daddare ba ya fita.

Hajiya kuwa ta kusa gama Jangum, kashi ɗaya take kallo bayan La'asar tare da jikanyarta mai karanta mata rubutun. Ran nan ta riƙe mini hijabi a bakin ƙofa ta ce: "Malama, don Allah gaya mini, yarinyar nan za ta auri bawan Allahn nan kuwa, ko sarki zai ƙwace ta?" Na ce: "Hajiya, kawo haddarki tukuna." Ta yi dariya ta ce ai ta san za a rina.

Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya shirya mana zuri'a.